Tagar Yaya da Jujin Wucin Gadi

Sun lalata wa yayata huhu da hayaƙin shara, kuma har yau babu wanda ya tako ya ce mata sannu.

Tela ce. A layinmu Allura ake ce mata, don siririya ce, ga baki mai tsini. Tun rasuwar mijinta take ɗinki a ɗaki ɗaya, kekenta na ƙafa manne da taga, saboda wuta ba ta zama, idonta kuma ba ya ganin kafar allura sai da hasken rana. Da keken nan ta riƙe 'ya'yanta, da shi ta kai ni sakandare. Bayan tagar fili ne, mai bishiyoyi biyu da take ɗaura igiya tana shanya yadi.

Wata safiya motar shara ta juye kayanta a filin. Aka kafa koren allo. Yaya ba ta yi boko ba, sai ta leƙa ta kira jami'in da ke nuna wa direba hanya.

"Ranka ya daɗe, me allon nan ya ce?"

"Wurin tara shara ne na wucin gadi, Hajiya, domin ci gaba mai ɗorewa. Da an gama masana'antar sarrafa shara za a kwashe."

"Wucin gadin kwana nawa ne?"

"Ai ba a sa masa kwana."

"To ka ga, ni ko rigar aro ce sai na faɗi ranar mayarwa."

Ya yi dariya ya shiga mota.

Jikarta da aka haifa a wancan lokacin, yanzu da ƙafarta take zuwa makaranta. Allon ya koɗe. Juji ya fi katangarmu tsawo, bishiyoyin sun bushe a tsaye. In ya cika ba kwashewa ake yi ba, wuta ake cinna masa: leda, tayoyi, tsofaffin katifu, robar da ko ruwan sama ba ya kashe wutarta. Masana'antar kuwa ko tubali ban gani ba.

In Yaya ta rufe taga, ba ta ganin ɗinki. In ta buɗe, hayaƙi ya cika mata ƙirji. Sai ta buɗe, don yara ba sa cin duhu. Ta ɗaure hanci da ƙyalle tana taka keke tana tari. Na ce mu je asibiti.

"Ke Auta, rabu da ni. Tarin wucin gadi ne."

Kalmar ta zama abin raharta. Gyaran zip, wucin gadi. Haƙorinta da ke girgiɗi, wucin gadi. Muna dariya tana ramewa.

Masu kawo ɗinki suka fara janyewa. Wata tsohuwar ƙawarta ta shinshina sabuwar rigarta ta ce, "Allura, ɗinka min kika yi ko gasa min?" Yaya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Matar ba ta sake dawowa ba.

Ranar da ta faɗi a kan keken, likita ya ce ta bar wurin nan ko ta rasa ranta. Ta bar shi ta je ina? Ɗakin ke nan abin da mijinta ya bari. Na tafi ofishin masu kula da shara, aka tura ni daga tebur zuwa tebur, na ƙarshe ya ce min, "Ki yi haƙuri, Hajiya, ai na wucin gadi ne." Wallahi da ƙyar na riƙe hannuna.

Yanzu tagar a rufe take, an cusa tsumma a kowace kafa. Keken na lulluɓe da zane. Yaya na kwance a duhu, numfashinta kamar ana jan zarto. Jiya ta kamo hannuna ta ce, "Auta, ashe ni ce ta wucin gadin. Jujin shi ne mai ɗorewar." Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Ku da kuka kafa allon nan, da ku nake. Ba na son ta'aziyya, ba na son wani sabon allo. Ku kashe wutar nan yau. Ku turo motocin da suka juye sharar su kwashe ta, ku faɗa mana ranar gamawa da bakinku. Yayata na so ta buɗe tagarta tun tana da numfashin da za ta shaƙa.