Dalilin da Inna Hajara Ta Tafi da Shi

Ranar Laraba da hantsi labarin ya same ni. Ina tsaye bakin sikeli a gonar jami'a da ke ƙasan madatsar ruwan Goronyo, ɗalibai suna kawo albasarsu buhu-buhu ina rubuta nauyi, sai ga Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da ɗakin shan maganinmu, ta taho da waya a hannu. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Dakta, rufe littafin nan. Inna Hajara ta rasu." Na yi salati, na rufe littafin. Bayan la'asar muna zaune cikin gidanta a Wurno aka fita da ita.

Washegari sanarwar jami'a ta fito, ta ce ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Da wannan zan fara, domin ba gaskiya ba ne. Shekara uku ta yi tana fama da hawan jini, daga baya ya taɓa ƙoda. Duk wanda ya zauna da ita ya ga yadda ƙafafunta suka kumbura har ta koma sa silifas na maza. Wanda ya rubuta sanarwar bai yi niyyar ƙarya ba. Bai taɓa zuwa ya gan ta ba ne.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Hajara ɗiyar manomi ce a Wurno. Ta fara aiki tana koyarwa a firamare a Magarya, ta yi karatunta sannu a hankali, da goyo a baya, har ta samu digiri a fannin ba da shawara. Da jami'armu ta buɗe tashar koyon noman rani a Goronyo, inda kowane ɗalibin tsangayar noma yake yin shekara guda da 'yar gonarsa ta kansa mai fangalan albasa, ita aka turo a matsayin jami'ar kula da ɗalibai. A takarda ofishin na mutum huɗu ne. A ƙasa ɗaki ɗaya ne, da tebur, da kujera biyu, da randa. Daga baya aka ƙara rubuta walwalar ma'aikata a allon ƙofar, ba a ƙara mutum ba. Wato ɗalibi idan ya shiga damuwa wurinta zai je, malami ma wurinta zai je. Ita idan ta shiga damuwa, allon ƙofa ya ce ta je wurin kanta. Ɗalibai suna ce mata Inna. Ni da na zo tashar bayanta ina duba aikin gona, Yaya nake ce mata.

Ba ta fara magana da kowa sai ta tambaye shi ko ya ci abinci. Takan ce, "Ci tukuna. Mai yunwa komi ƙaramin abu babba shi ka ganinai." Ita ce ta je ta zauna da mai buɗe ƙofar ruwa har ya yarda aka sauya rabon ban ruwa, ɗalibai Kirista suka daina samun nasu ranar Lahadi da safe, Musulmi suka daina samun nasu lokacin Juma'a. Babu wanda ya sa ta, babu kuma inda aka rubuta cewa ita ta yi. Idan aka bugo wa ɗalibi daga yankin Rabah cewa an shiga ƙauyensu, ba ta barinsa ya fita da gudu. Sai ta zaunar da shi, ta kira direbobin tasha da ta sani, ta ji halin da hanya take ciki, sannan ta raka shi har bakin mota.

Abu ɗaya muka daɗe muna sa-in-sa a kansa, shi ne fayil. Idan ɗalibi ya kawo mata damuwarsa, abin da take rubutawa sunansa, da rana, da kalma huɗu: na gana da shi. Na sha ce mata wannan ba aikin ofis ba ne. Amsarta ba ta sauyawa. "Dakta, fayil na tashi nan shi tai birni. Masinja shi buɗe, akawu shi buɗe, kuma wanda yab buɗe yana da ɗan'uwa kasuwag Gandi. Abin da ɗiya tah hwaɗa min Litinin, kahin mako a ji shi ƙohwag gidansu. Ni ba ni rubutawa."

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na ga na jami'a na tsallake kaina. Ma'aikaci ba ya samun hutun jinya sai wani ya sa hannu a fom cewa zai riƙe masa ofis. A watan da muke dashen albasa ta kawo mini fom ɗin. Na ce, "Yaya, takardun jarrabawa sun yi mini yawa, bari mu ƙare dashe." Ta ninke shi, ta ce, "To, Allah shi kai mu." Ba ta sake kawowa ba, ni kuma ban nema ba. A cikin watan ne aka yi mana babban taro a wani otal a birni kan lafiyar ma'aikata. Na je. An ba mu jaka mai tambari da biro, wani baƙo ya koya mana yadda ake jan numfashi a hankali. Ita ba ta je ba, don babu wanda zai zauna mata a ofis.

Akwai wata ɗaliba da zan kira Hadiza, ba sunanta ba ne, kuma da izininta nake faɗin abin da zan faɗa. Ita ce mace ta farko daga ƙauyensu da ta shiga jami'a. Ta riga ta maimaita aji sau ɗaya, don haka idan ta faɗi shekarar gona, kora ce. Bayan dashe sai ta ɓace, mako biyar babu ita babu labarinta. Dokarmu ta ce wanda ya wuce mako biyu sai ya kawo dalili a rubuce tare da shaida. Dokar ta kuma hana kowa taɓa gonar wani. Ni ce mai tsare wannan dokar.

Wata safiya ranar rabon ruwa na zagaya, na iske Yaya Hajara cikin gonar Hadiza, ta tattare zani, kumburarrun ƙafafun nan cikin taɓo, tana buɗe bakin fangali da hauya.

Na ce, "Yaya, mi ki kai nan?"

Ta ce, "Mi kinka gani? Ban ruwa ni kai."

"Kin san doka. Gonaɗ ɗaliba ta, ba taki ba."

"Na san doka, Dakta, ina nan anka rubuta ta. Amma albasa ba ta san yarinya na cikin wani hali ba. Kwana kaɗan babu ruwa ta mutu. In ta dawo ta iske mi?"

"To ina take? Mi yas same ta?"

Ta miƙe a hankali, ta dafa ƙugu. "Na san inda take, na san abin da yas same ta. Ba ni hwaɗa miki, kuma kak ki ƙara tambayata."

Na ce to zan rubuta abin da na gani.

Ta ce, "Rubuta. Amma matsa can, kina taka mata iri da wanga takalmi naki na masu digiri uku."

Na rubuta kuwa. Na ce gonar ɗaliba kaza, ma'aikaciya ce ta ba ta ruwa tsawon mako biyar. Gaskiya ce, kuma ko yau zan sake rubuta ta. Yaya ba ta riƙe ni da ita ba. Ranar ma ta aiko mini da fura.

Hadiza ta dawo a rame, ba ta magana da kowa. Ta shiga gonarta ta cire ciyawar da ta rufe ta, ta sa taki, ta yi ta aiki har girbi ita kaɗai. Amma ta ƙi rubuta dalili. A gabana da gaban Sista Rifkatu Yaya ta ce mata, "Ba ki rubuta komi. Ran zaman kwamiti ni ka tashi in ce na san dalili kuma ya isa. Shekaru suna karɓam maganata, ba kanki za su hwara ƙi ba." Saura kwana shida a yi zaman ta rasu.

Ranar addu'ar uku na koma Wurno. Na durƙusa gaban mahaifiyarta, tsohuwa da idonta ya tafi, na gaya mata maganar fom ɗin nan, na roƙi yafiya. Ta lalubo hannuna ta ce, "Ɗiyata, Hajara ba ta kwana da kowa a zuciya. Tashi." Ina fitowa tsakar gida sai Hadiza ta biyo ni gindin rumbu.

Ta ce, "Malama, yanzu sai in rubuta ke nan?"

Na ce, "Kina son ki rubuta?"

Ta ce, "In na rubuta, ban iya komawa in zauna cikin mutane. In ban rubuta ba, a kore ni."

Na ce ta bari in je tukuna. Ban tambaye ta dalilin ba. Har yau da nake wannan rubutu ban san shi ba, kuma ina roƙon mai karatu kada ya zauna yana ƙiyasi.

Aka yi zaman a birni, Farfesa shugaban tsangaya yana jagoranta. Farfesa ya buɗe da addu'a ga marigayiya. Ya ce mace ce mai riƙon amana, wadda ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Duka muka ce amin. Da aka zo batu na huɗu, wato maganar Hadiza, sakatare ya karanta cewa babu dalili a rubuce, fayil layi uku ne kawai na cewa an gana da ita, ga kuma rahotona. Wani malami ya ce ai an san halin yankinsu, ta kawo takardar hakimi ko ta 'yan sanda, shi ke nan. Wani ya ce doka doka ce, idan aka buɗe wannan ƙofa kowa zai bi.

Na nemi izini na tashi. Na ce, "Ranka shi daɗe, ɗazun nan kac ce ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, munka ce amin. Ta hwaɗi gabana cewa ta san dalili kuma ya isa. Dalilin na cikin kabari Wurno, babu mai tono shi. In mun yarda da ita, mu karɓa. In ba mu yarda ba, sakatare shi koma batu na ɗaya shi rubuta cewa mun janye yabon."

Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Dakta, ke ba ki iya magana cikin sanyi?"

Na ce, "Mai maganar sanyin ita munka ruhe ranar Laraba."

Ba mugun mutum ba ne. Ya sa aka kira Sista Rifkatu a waya, aka buɗe murya kowa na ji. Ta ce, "Yallaɓai, na ji da kunnena, kuma in kuna son rantsuwa ga Littafi Mai Tsarki a gabana." An yi kusan awa guda ana muhawara. A ƙarshe aka karɓi shaidar marigayiya, aka cire wa Hadiza makin ban ruwa na mako biyar saboda rahotona, aka lissafa sauran. Ta haye da ƙyar. Wannan hukuncin adalci ne, ban yi jayayya da shi ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce an gama. Yarinya ɗaya ta tsira don an samu mutum biyu da suka ji magana da kunnensu. Ban san ko mutum nawa ne suka ba Yaya Hajara irin wannan ajiya babu shaida ba. Sababbin ɗalibai suna nan tafe, da yawansu daga ƙauyukan da ba a kwana da ido biyu a rufe. Ina roƙon masu iko su turo mutum biyu, ba ɗaya ba, kuma su sa wani ya riƙa zuwa yana duban ƙafafunsu.

Da na koma Goronyo na gaya wa Hadiza sakamakon. Ba ta yi murna ba, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan buhun albasa ta ce, "Malama, ashe har ta mutu ba ta hwaɗi ba."

Ya Allah, baiwarka Hajara ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka sa ciwon da ta daɗe tana ɗauke da shi ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya makwancinta. Ka ba mahaifiyarta da mijinta haƙuri, Ka raya 'ya'yanta huɗu, Ka haɗa su da masu tausayi kamar yadda ta tausaya wa na mutane. Mu da muka rage, Ka yafe mana abin da muka gani muka ɗage zuwa gobe. Ta rufa wa 'ya'yan mutane asiri a duniya. Ka rufa mata nata ranar da babu mai rufawa sai Kai. Amin.