Ruwan Sabulu a Birkin Tirela

A lokacin ni direban tarakta ne a wata gonar dawa da ke Gadambaliya, ina jan tirela mai birkin mai. Ina ji da kaina a bakin sitiyari, kuma ba na son a nuna mini aiki. Ƙarshen kaka man birkin tirelar ya yi ƙasa, zuwa garin Gadarif sayo wani kuwa zai cinye mini yini guda. Sai na yi abin da na ga wasu direbobi suna yi, na dama garin sabulu a ruwa na cika ma'ajin man. Birki ya kama, na kwashe sauran buhuna, na ajiye tirelar a bayan rumbu da niyyar zubar da ruwan daga baya. Ban zubar ba. Haka ta ci damina guda cikin baƙar laka.

Da girbi ya zagayo, ustan da ke duba mana injuna ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce bututun birki ya yi tsatsa, a canza shi. Na ce masa tsatsar ta waje ce kawai, na goge ta da tsumma da baƙin mai har bututun ya yi ƙyalli. Kunya ta hana ni faɗa masa abin da na zuba a ciki.

Rannan na ɗauko dawa zuwa garin Mafaza, ma'aikata huɗu a saman buhuna. Ɗayansu dattijo ne, tela, wanda yaƙi ya koro daga yankin Jazira, yana girbi don ya sake mallakar keken ɗinki na takawa. A gangaren wani kwari na taka birki, bututun tirelar ya fashe. Ta turo taraktar, ta karkace, ta kife. Ukun suka dira lafiya, shi kuwa ta danne masa ƙafafu biyu. Ƙafafun ba su ƙara ɗaukarsa ba.

Da na je gaishe shi a asibiti, ya kira ni ɗansa, ya ce kada in sa wa kaina damuwa, ƙaddara ce. Na amsa da amin, na fito. Har yau bai san zancen sabulun ba, kuma abin yana cina.

'Yan'uwana direbobi, kada ku zuba wa birki komai sai mansa. Kafin damina ku canza man, ku wanke lakar, ku ɗora tirela a busasshen wuri. In usta ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya. Yini guda na ƙi bayarwa, dattijon ya ba da ƙafafunsa.