Gwaggo Rahila da Ba Ta Yarda da "Lahiya Lau" Ba

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Gwaggo Rahila ya san ba hannu take kamawa ba, ido take kamawa. Kana cewa "lahiya lau", sai ka ji yatsanta a ƙarƙashin idonka, ta ja fatar ƙasa ta leƙa. In ta ga ja, ta sake ka. In ta ga fari, ka shiga uku, don ranar sai ka ji tarihin jininka tun daga kakanka.

"Bahaushe ko kan makara yake, ka tambaye shi, lahiya lau zai ce," in ji ta. "Baki na ƙarya, ido ba ya yi."

Ƙanwar babana ce, kuma ita ce majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a wata 'yar likita, wato ƙaramin asibiti, ta wani ƙauye bayan Jiratawa. Can ake turo ɗalibai daga Maraɗi su yi sitaj, su koyi aiki a kan marasa lafiya na gaske. Ni ma a hannunta na yi nawa, kuma zumunci bai rage mini komai ba.

Kun tuna bikin 'yar'uwarmu Saratu a majami'ar Tsibiri? Amarya ta sha ado, ana ta waƙa, Gwaggo ta taso yi mata barka. Wai barka! Sai ga ta ta ɗaga lulluɓi ta ja ido. Ta juya wajen ango a gaban pasto da kowa.

"Kai, mi ka sai mata?"

"Gado da katifa, Majo."

"Maida katifar ka sai mata hanta da zogale. Wagga ko tabarma ba ta iya ɗauka."

Saratu ta daɗe ba ta yi mata magana ba, amma hantar ta ci.

'Yan kabu-kabu masu babur na unguwar Zariya a Maraɗi kuwa gudunta suke yi. Wata rana ta hau bayan wani, suna tafe yana tari. Ta dafa kafaɗarsa ta ce ya tsaya. Ya ɗauka sauka za ta yi, sai ya ji kunnenta a gadon bayansa, a bakin titi, mutane na kallo.

"Ja numhwashi."

"Inna, ni hwa aiki nake!"

"Ni ma shi nake. Ja!"

Har asibiti ta sa ya kai kansa, tana zaune a bayansa kamar ɗan sanda. Daga nan in suka hango farar rigarta da jakar kaba, sai ka ga kowa ya tuna bai da mai.

Mu ɗalibai muka fi shan wuya. Ka zo da abin awon ƙirji a wuya kana jin kanka, a kawo yaro mai zawo, ka rubuta magani. Sai ta ce ɗauki takalminka. Haka za ta tasa ka cikin rana har gidan su yaron, ta sa ka leƙa randa, ka duba inda ake girki, ka ja idon uwar, sannan ka durƙusa ka gaida kakar.

Wani ɗalibi ya taɓa yin ƙarfin hali ya ce, "Majo, ai ba tsohuwa aka kawo muna ba."

"Kai ka rubuta magani, ita ta ce ba a ba jikanta. Wa za a bi a gidanga, kai ko ita? Durƙusa!"

Ya durƙusa har wandonsa ya yage. Ta ce ya ci gaba da gaisuwa, ɗinki ba ya gudu.

To, dariyar ke nan, kuma ta ƙare mini. Abu ɗaya ne ya hana Gwaggo sukuni, wato wanda zai zauna a likitar nan bayanta. Duk wanda ta koyar, da ya karɓi takarda sai ya yi gaba, wasu Yamai, wasu aikin ƙungiyoyi masu manyan motoci. Ba na zargin kowa, kowa da bakin da yake ciyarwa. Ni kaɗai na rage. Sai kuma aka ce daga yanzu ba za a tura ɗalibai ba sai inda mai koyarwa yake da babban digiri, ita kuwa takardarta ta tsufa. Ɗalibai suka daina zuwa. Ta rasa wanda za ta yi wa faɗa, har ta koma jan idon awaki.

Ita ta matsa mini na nemi ƙarin karatu a Yamai, na shekara biyu, in dawo in riƙe wurin a sake turo ɗalibai. Na samu. Ranar tafiya ta rako ni tasha a Maraɗi, na ga tana tsayawa tana hutawa, abin da ban taɓa gani ba.

"Gwaggo, ya jikin?"

"Lahiya lau."

Ban san lokacin da hannuna ya kai ba. Na ja fatar idonta, na gan ta fara fat. Ta buge mini hannu, ta yi dariya.

"Kin gani ko? To kin gama nawa karatun. Tahi ki yi nasu."

Na ce ba inda za ni. Ta ce in na zauna zan yi jinyar tsohuwa guda, in na tafi wataƙila ƙauyen ya samu mai duba shi. Ta tura ni cikin mota da jakar kabar nan tata. Ban gama shekarar farko ba aka kira ni jana'iza.

Bayan an rufe ta na bi ta likitar. Na tarar da kwaɗo a ƙofa, awaki kwance a baranda. Wanda aka turo ya riƙe wurin da ciwo ya kwantar da ita ya yi 'yan makonni ya nemi canji. Na ga wata mata da na sani tana jiran babur zuwa Maraɗi, yaro a baya, kansa ya langaɓe. Na ja idonsa, na ga abin da na gani, kuma ba ni da ko ƙwaya ɗaya da zan ba ta. Gaskiya zuciyata ta karye. Saura mini shekara, ban san ko zan tarar da wurin ba, ban ma san ko ina da ƙarfin Gwaggo na zama ni kaɗai ba.

Tun da na dawo gida jana'izar nan kowa ke tambayata ya karatu, ya haƙuri. Ina cewa lahiya lau, kowa kuma ya yarda ya wuce.

Ubangiji, ga baiwarka Rahila ta zo gare ka a gajiye. Ka ba ta hutun da ta ƙi yi a duniya. In ka tambaye ta ta ce lahiya lau, wannan karon ka sa ya zama gaskiya. Amin.