Kwalin da Sabo Ya Yi Magana da Shi

Kaka ce, shekarar da riɗi ya yi kyau har aka rasa buhun zuba shi. Kowa a Ɗanzomo bakinsa har kunne. A cikin wannan murna Allah Ya karɓi ɗana Sabo. Bana shekara bakwai ke nan.

Kaya yake ɗauka a babur zuwa Maigatari. Da farko hannunsa na hagu ne ya kasa matse kuloci. Muka ce targaɗe ne, wata biyu muna kai shi wurin mai ɗori. Sai ƙafa ta fara ja. Likita a Kano ya ce ciwon jijiyoyin motsi ne, gaba yake yi, amma hankali ba ya taɓuwa. Wannan ta ƙarshen ita muka manta.

Da harshensa ya mutu, masu dubiya suka koma gaishe ni ni kaɗai: "Inna, ya mai jiki?" Ga shi kuwa a zaune yana kallonsu.

Ni ban da allo, ɗan karatuna na yaƙi da jahilci ne. Wata hantsi na yago kwalin sabulu, na jera baƙaƙe da gawayi, na ce, "Sabo, in na taɓa wanda kake so, ƙifta." Muka yi ta kuskure. Can kalma ta haɗu: gishiri. Ashe tun kwanaki miyata ba gishiri! Guɗa na saki, maƙwabta suka rugo suna salati, suka tarar da ni ina taka rawa da ludayi. Ɗana na nan, jama'a, yana nan! Da kwalin ya zaɓa wa 'yarsa suna, da shi ya tsokani ƙanensa cewa bai iya tuƙi ba.

An ce yanzu akwai wayar da ke karanta rubutu a bayyane. Da Sabo ya same ta, ai da ba mu huta ba.

Babur ya tsufa, gonar an raba. Abin da ya bar mini shi ne na san mai shiru ma yana da ta cewa.

Makon jiya wata mata ta zo daga Gagarawa, irin ciwon ne ya kama maigidanta. Ta ce, "Inna, ya daina gane mu."

Na ce, "Wa ya faɗa miki? Ya yi boko?"

"Allo dai ya yi."

Washegari da na idar da asuba na rubuta baƙaƙen da ajami a kwali, na yafa mayafina na nufi tashar motar Gagarawa.