Kawu Orval da Alhamis ɗin Ƙarshe

Jama'a a gyara zama, masu hula a cire. Ga Orval Halvorsen na Westport, gagarabadan bakin teku, angon Darlene, mai jirgi ɗaya da gwiwa ɗaya da rabi, wanda kifayen halibut ke jin ƙarar injinsa su gyara kwanciya su ci gaba da barci. Yayan mahaifiyata ne, don haka ina da lasisin faɗa.

Kawu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan motar gungume daga daji zuwa injin yankan katako. A wancan zamani, in ji shi, kamun halibut ba shi da ranar buɗewa balle ta rufewa, ka ga dama ka fita. Sai dai ba shi da jirgi. Kullum ya ratsa ta tashar jiragen ruwa sai ya ga an rataye kifayen nan masu faɗin tabarma, ido biyu a gefe guda, masu su na tsaye ana ɗaukar hoto. Ƙananan muna ce musu kaji, manyan kuwa ƙyauren sito. Ƙyaure Kawu yake so, guda ɗaya tak, a rataye, shi ma ya tsaya a gefe.

Da ya yi ritaya ya sayi jirgi, sai doka ta riga shi shiga ruwa. Aka yanka wa kowane yanki kasonsa na nauyin kifi. Aka ce Alhamis da Asabar kawai, mutum ɗaya kifi ɗaya a rana, in kaso ya cika a rufe sai baɗi. Ita kuwa teku ba ta karanta sanarwa. Ran Talata ka gan ta lumui kamar mai a kwano, Alhamis na yi ta tashi da hauka, a hana ƙananan jirage fita. Kawu ya zauna a mota yana kallon igiyar ruwa yana zagin mutanen da bai taɓa gani ba. Haka shekaru suka yi ta tafiya, kaji dai ya kama, ƙyaure ko ɗaya.

Bara ya zame a cikin jirgi, gwiwa ta tafi. Gwaggo Darlene ta yanke hukunci: bana ce ta ƙarshe. Har ta samo mai saye, wani likitan haƙori, da sharaɗin ran da aka rufe kamu ya zo ya ja abinsa. Ni kuma da makaranta ta gaji da ni, wurin wankin mota ma suka gaji, aka haɗa ni da shi.

"Travis," in ji ta, "in ya faɗa ruwa kada ka dawo min gida."

Iska ta cinye mana yawancin ranaku. Sai wata Alhamis gari ya waye tsit. Duk mai abin da ke iyo a jihar ya fito, har da masu jiragen da ko a baho ba zan shiga ba. Muka yi nisa, muka saki fatsa da darmarta ƙasa. Ban gama amai na biyu ba kaza ta kama fatsata. Na ce a sa mata babbar ƙugiya a hau da ita jirgi, ni ba na jayayya da rabo. Nawa ya ƙare ke nan, don da zarar kifi ya shigo jirgi ranarka ta cika.

Can sandar fatsar Kawu ta lanƙwashe. Ya yi ta naɗi yana nishi har kifin ya taso. Ba laifi, zai kai tsayin cinyata zuwa ƙasa. Na ɗaga ƙugiya.

"Ajiye," ya ce.

"Kawu, wannan ai ya isa hoto. In ka matso da shi gaban kyamara ka ja baya, ƙyaure ne."

"Tagar banɗaki dai. In na hau da shi na gama, kai kuma ka san babansa na ƙasa."

"Babansa ya san da zuwanka? Tun kafin a haife ni kuke saɓani."

"Da bakinka ƙugiya ne da mun cika kason jihar nan mu biyu. Cire masa fatsar."

Na cire. Kifin ya kaɗa jela ya nutse, ko godiya babu. Haka tsofaffin nan suke yi, a saki na hannu a jira babba, dabarar zamanin da ranaku ke da yawa. Muka jira. Rana ta take, iska ta fara kaɗawa daga yamma, jirage suka soma juyawa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ƙi ɗagowa sai da ruwa ya fara watso mana a fuska.

"Akwai Asabar," ya ce. Ya juya jirgi muka nufi tasha.

A bakin tasha ma'aikaciyar hukumar kamun kifi na tsaye da abin awonta, layin kifi har bayan shagon ƙanƙara. Ta auna kazata, ta dubi Kawu.

"Baba Orval, yau ma?"

"Na bar shi ya ƙara girma zuwa jibi."

Ta dubi layin, ta dube shi, ta koma kan awonta. Ran Juma'a da hantsi sanarwa ta fito a waya: kamun Alhamis ya cinye kaso, an rufe. Asabar ɗin kuwa, don wulaƙanci, teku ta kwanta kamar an yi mata guga.

Na same shi a jirgi yana kwance sandunansa yana jerawa. Abin ya dame ni, ni kuma in abu ya dame ni sai baki ya ɓalle. Na hau kan akwatin ƙanƙara na buɗe hannuwa.

"Tarihi zai shaida," na ce, "cewa Orval Halvorsen bai taɓa sunkuya wa ƙaramin kifi ba. Hukuma ta rufe, teku ta yi butulci, amma ƙyauren sito na can ƙasa yana ba jikokinsa labarin mutumin da..."

"Sauka," ya ce. "Jawo tiyo ka wanke jinin kazarka, mai haƙori na hanya."