Jirgin da Baffa Ya Haɗa Mini

Jiya a Achida ƙamshin katakon da ake gogewa ya tsayar da ni, sai marigayi Baffa ya faɗo mini a rai. Ƙanen mahaifina ne, kafinta a Wurno.

Shekarar da likita ya ce idanuna ba za su bari in zama matuƙin jirgi ba, na daina fita. Ina ɗaki kullum da manhajar koyon tuƙin jirgi a kwamfuta. Baffa ya leƙo ya kalla. Washegari ya dawo da zarto da tsohuwar kujerar mota. Kwana tara muna haɗa mazaunin matuƙin jirgi a gaban kwamfutar, yana huda allon katako ina dasa maɓallai. Duk gefen da ya goge sai ya shafa shi da bayan hannu, idanu a rufe.

Da muka gama na zaunar da shi, na kunna manhajar, muka tashi.

"Wanga ruwa hwa, na ina ne?"

"Dam ɗin Goronyo ne, Baffa."

Ya damƙe kafaɗata. "To sauka sannu, ɗana. Albasar mutane na ƙasa."

Rabona da dariya wata uku, sai ranar.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce masaukinsa.