Kwali Mai Lamba Ɗaya

Muna shekara ta uku a Danau Kota, wata unguwa a Kuala Lumpur ta ƙasar Maleshiya, maganar dokar ta taso. Maigidana yana karatun digiri na uku, ni kuma ina gida a hawa na goma sha huɗu ina ɗinki. 'Yarmu tilo mun bar ta a garinmu wajen mahaifiyata, Inna, don kada mu katse mata karatu. Tana aji shida a makarantar mishan, inda ni da ubanta muka yi firamare.

Makarantar ajujuwa shida ce a jere bayan coci, harabar cocin kuma ita ce filin wasa. Sai aka kawo ƙudiri a majalisar dokokin jiharmu. Wani sashe nasa ya ce duk makarantar da ba ta gwamnati ba dole ta mallaki filinta daban, ba haɗe da wurin ibada ba, in ba haka ba a rufe ta kafin ƙarshen shekara, kuma ba za a rubuta ɗalibanta a jarrabawar fita ba. Makarantar gwamnati da ta fi kusa da mu tana ƙetaren rafi, da damina babu mai tura yarinya can. Idan sashen ya wuce a haka, 'yata ta rasa jarrabawarta.

Fadan cocin garinmu ne ya kira maigidana. Ya ce ofishin Bishop yana da kwamiti mai karanta irin waɗannan ƙudirori, kuma ba dokar duka suke ƙi ba, don akwai abubuwa masu kyau a ciki, kamar tilasta ɗaukar ƙwararrun malamai da gina banɗaki. Sashe ɗaya suke roƙon a gyara. Majalisa ta sa ranar Talata ta makon sama don sauraron jama'a. Abin da yake so daga gare mu wasiƙu ne na tsofaffin ɗaliban irin waɗannan makarantu, kowa ya faɗi inda ya fara da inda ya kai, ya sa hannu da biro. Akawun kwamitin majalisa ya ce ba ya karɓar hoton waya, sai takarda.

Maigidana yana fama da rubutun jami'a, sai na karɓi aikin. Ni karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, amma na iya tsara abu. Da farko na rubuta sunayen waɗanda muka sani, mutum biyar. Na biyu na sayi farar takarda da shuɗin biro guda, don kada wannan ya yi da baƙi wancan da ja. Na uku na bi su ɗaya bayan ɗaya. Uku na same su bayan sujadar Lahadi. Wani na bi shi har kantin da yake aiki a Bukit Bintang, ya yi kuskure ya soke layi, na miƙa masa sabuwar takarda.

"Anti, kalma ɗaya ce fa," in ji shi.

"Majalisa za ta. Sake."

Na biyar shi ne mijin maƙwabciyata, wadda muke kira Maman 'yan biyu. Musulmi ne, malamin jami'a, amma a makarantar mishan ya yi firamare don ita kaɗai ce a ƙauyensu a lokacin. Ban gama bayani ba ya karɓi biro. Wasiƙarsa ta fi ta kowa tsawo.

Aka yi sa'a Maman 'yan biyu za ta gida ranar Alhamis, bikin ƙaninta. A Kuala Lumpur, wanda duk zai tafi gida ya zama motar kowa. Falonta ya cika da saƙonni, mutanenmu na unguwar Cheras ma sun aiko: mayafai, turare, magungunan ciwon gwiwa. Kowa yana naɗe nasa a baƙar leda, ya manna salatif, ya rubuta sunan mai shi ɓaro-ɓaro a kai. Ni wannan bai yi mini ba, na ga kamar kayan tasha. Na sauka kedai, wato kantin ƙasan gidanmu, na roƙi kwalayen biskit uku iri ɗaya. A na farko na shimfiɗa wasiƙun don kada su lanƙwashe, na cike da jarida. A na biyu na sa wa Inna man zafi da shayi. A na uku takalmi da 'yan kamfai na yarinya. Na naɗe kowanne, na rubuta lamba a kan salatif: ɗaya, biyu, uku. Sannan na yi takarda daban mai bayanin kowace lamba da inda za ta. Lamba ɗaya hannun Fada a babban birnin jiha, sauran gida.

Na kai mata tare da sikelina da ta ara don auna jakunkuna.

"Hedimasta, ina sunaye?" Haka take kirana tun ranar da na sa 'yan biyunta suka jera takalma a ƙofata.

"Suna cikin takardar nan. Ki karanta daga sama zuwa ƙasa."

"Ke ko ƙosai za ki aika sai kin ba su lamba. Boleh, ba damuwa, ajiye can."

"Kada ki ajiye takardar a can. Ki sa a jakar hannu."

"Na ji, lah. Je ki, kina tsaye a kaina kamar mai duba jarrabawa."

Ranar Asabar da hantsi mijinta ya dawo mini da sikelin. Na juya shi zan goge, sai ga takardata manne a ƙasansa, guntun salatif ya riƙe ta. Na zauna a kujera na karanta ta daga sama zuwa ƙasa, kamar ba ni na rubuta ba.

Na jira gari ya waye a can, don muna gabansu da awa bakwai, sannan na kira ta. Gidan biki ne, da ƙyar nake jin ta.

"Ai tun jiya na ba direban garinku, duka ukun. Na ce gidan Innarki. Na nemi takardar na rasa, na ce ai kayanki ba za su wuce gida ba."

Ban yi mata faɗa ba. Da na rubuta suna yadda kowa ya yi, da ba a kai nan ba.

Na kira Inna, waya a kashe. Ba ta cajin waya sai ranar kasuwa, kasuwarmu kuwa Laraba take ci, kwana guda bayan zaman majalisa. Fada ya riga ya tafi birni wajen kwamitin Bishop. Na kira katikis, wato mai koyar da addini a cocin garinmu, na roƙe shi ya je gidan. Ranar Lahadi bayan sujada ya kira ni.

"Madam, gida a kulle. Maƙwabta sun ce tun Asabar ta ɗauki yarinya sun tafi ta'aziyya ƙauyen ƙanwarta. Daga can za ta shiga motar matan coci ranar Talata zuwa majalisa."

"Ka ɓalle kwaɗon. Ni na ce."

"Ɗakin tsohuwa? Ki yi haƙuri, Madam. Ko Fada ne ya ce, sai na yi tunani."

Ƙauyen ƙanwar Inna babu sabis. Ranar Litinin na ɗauki hoton kwafin da na ajiye na tura wa Fada, ya ce zai gwada, amma akawun ya riga ya mayar da na wasu. Maigidana ya ce wasiƙu biyar ba su ne za su tsayar da doka ko su kayar da ita ba. Na san gaskiya ya faɗa. Amma abu ɗaya aka ce in yi wa 'yata daga nan, shi ne na kulle a ɗakin da babu mai buɗewa. Ranar ban kunna keken ɗinki ba. Abinci ma maigidana ne ya yi mana tapau, wato ya sayo a ƙunshe daga shagon abinci na mamak.

Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma a nan, ruwa ya tsuge kamar yadda ya saba. A can tara da rabi na safe, saura rabin awa a fara. Waya ta yi ƙara, Fada ne. Ina jin hayaniyar mata a bayansa.

"Ga Innarki ta sauko daga mota," ya ce. "Da ƙunshi a ka."

Ya miƙa mata. Muka gaisa, don Inna ba a tsallake mata gaisuwa. Ta tambayi maigida, ta tambayi ruwa, na amsa duka.

"Inna, kwalayen da na aiko, suna ina?"

"Suna kaina. Zan bar kayan da suka ƙetaro teku a gidan da ba kowa? Ban buɗe ba, ina jiran in ji daga bakinki."

Kwana huɗu tana yawo da su, har gidan makoki, ba ta san abin da ke ciki ba. Na ce ta sauke ta ba Fada mai lamba ɗaya. Fada ya karɓi waya ya ce babu wata lamba, salatif ɗin ya yi baƙi, biro ya goge. Kwalaye uku iri ɗaya, kamar yadda na so.

"A buɗe duka," na ce.

A bakin ƙofar majalisa Inna ta durƙusa ta fara yagar leda. Na ji mata sun kwashe da dariya, wata tana cewa a ɗaga a gani, ko irin na Maleshiya ya bambanta. Na gane 'yan kamfai aka fara cin karo da su. Na ji muryar 'yata tana cewa, "Kaka, rufe mana." Na biyu man zafi ne, nan take wata tsohuwa ta ce a shafa mata a gwiwa. Sai a na ƙarshe na ji ƙarar jarida.

"Guda biyar," in ji Fada. "Ko lanƙwasa babu. Bari in shiga."

Ya kashe. Na zauna da wayar a hannu har ruwa ya ɗauke, sannan na tashi na wanke kwanukan jiya.

Makonni bayan haka aka zartar da dokar da sashen a gyare. Makarantun da suka riga suka kafu za su ci gaba a harabar wurin ibada, muddin an yi katanga tsakaninsu da titi. Ba zan ce wasiƙunmu ne suka yi ba. Mutane da yawa sun yi magana a ranar, har da masu makarantun Islamiyya da sashen ya shafa kamar mu. Fada ya ce dai shugaban kwamitin ya karanta wasiƙar mijin maƙwabciyata a fili, har ƙarshe.

'Yata ta zauna jarrabawarta a ajin da na zauna tawa, da takalmin kwali na uku a ƙafarta. Da Maman 'yan biyu ta dawo, na je yi mata sannu da zuwa na miƙa mata takardar. Ta karanta daga sama zuwa ƙasa, ta ce tsarin ya yi kyau, ta mayar mini.

Da aka sake samun mai tafiya, na rubuta sunan Inna a gefe huɗu na kwalin da babban alƙalami. Lambar na sa ta a ƙasa, ƙarama.